Ban Ji Komai Ba

Tun ina ɗalibi a Landan nake sauraron wasu Turawa biyar masu kiɗan metalcore, irin kiɗan nan da mawaƙi ke ƙwala ihu kamar an taka masa yatsa. Matata ta ce injin markaɗe ya fi su daɗin murya, ban kuma taɓa musa mata ba. Amma duk ranar da abu ya tokare mini ƙirji, su nake sawa a kunne, su yi ta ihunsu har hawayena ya samu hanya.

Inna, mahaifiyata, ta rasu a Zariya, ban samu zuwa jana'iza ba. Wata takwas ko ɗigon hawaye ban zubar ba. Ina zuwa aiki, ina cin tuwo har da ƙari, abin ya fara ba ni tsoro. Wane irin ɗa ne ni? Da na ji mutanen nan nawa masu ihu za su fitar da sabon album, wato faifan waƙoƙi, sai na ɗora masa rai gaba ɗaya.

A bas na saurare shi, daga unguwar Plumstead zuwa Deptford a nan Landan, an aike ni sayen daddawa da busasshen kifi. Gaskiya sun ƙware. Mai ganga yana buga ta da ƙafa biyu a guje, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Masu jita suna hawa da sauka tare, tsaf. Mawaƙin da a dā muryarsa ke tsagewa a tsakiyar baiti yanzu ya iya ihu, ya san inda zai ja numfashi. Na yi ta gyaɗa kai ina cewa sannunku da aiki. Waƙa ta ƙarshe ta ƙare, idona a bushe ƙamas.

Da na koma gida matata tana kicin. Na ajiye leda na ce, "Ban ji komai ba."

Ta saki ludayi. "Innalillahi! Ban faɗa maka ba, Malam? Kiɗan nan ya cinye maka kunne."

Ita ta ɗauka ji na kunne nake nufi. Na buɗe baki zan gyara mata, sai na fasa, don ni ma na fi so a ce kunnen ne. Kunne ai yana da likita.

Kafin la'asar ta ce, "Na yi maka booking wurin likitan kunne, kuma kada ka ce an yi cancel, tare za mu."

Ranar gwajin aka sa ni a wani ɗan ɗaki, aka ce in danna maɓalli duk sanda na ji ƙara. Akwai wata 'yar ƙara siririya da na ji sarai, na yi niyyar ƙin dannawa, yatsana ya riga ni. Likitar ta ce kunnena lafiya lau.

A tashar bas matata tana ta hamdala, ni kuwa fuska ba annuri. Ta dube ni ta ce, "To kai wane jin kake nufi?"

Na gaya mata duka, kaina a ƙasa. Ta lalubo wayarta, ta daɗe tana nema, ta kanga mini a kunne.

Wani tsohon saƙon murya ne da Inna ta taɓa aiko mata. Iska na busawa, akuya na kuka a baya, rabin maganar ba ya fita. Inna tana bayanin yadda ake kaɗa miyar kuka kada ta yi gudaji. Ta yi tari, ta ce, "Shi kuma ki rage masa yaji, ba ya faɗa ne amma yana damun..." Saƙon ya yanke.

Bas ɗinmu ta zo ta buɗe ƙofa. Matata ta yi wa direban hannu ya wuce, ta miƙo mini gefen mayafinta.