Ke Wa Ke Zuwa Duba Ki?

Ina gyara wa Ya Falmata robar ƙarin ruwa, sai ta kama gefen hijabina.

Tsohuwa ce 'yar Yerwa, an kwantar da ita a asibitinmu lokacin korona, sanda aka hana 'yan dubiya da masu jinya shigowa. Da can kuloli ne da tabarmi ko'ina, mu nas-nas kullum muna faɗa muna korar mutane. Wallahi da suka ɗauke ƙafa, ni na fara kewarsu.

'Yarta ta aiko mata da turaren wuta a kwalba ta bakin geti. Ba halin kunnawa saboda oksijin, sai na buɗe mata kwalbar tana shinshinawa.

Ta ce, "'Yata, ni ga ƙamshin ɗakina ya iso ni. Ke wa ke zuwa duba ki?"

Na ce, "Kaka, ai ni lafiyata ƙalau."

Ta ce, "Ba shi na tambaye ki ba."

Rabona da shiga ɗakin mahaifiyata a unguwar Maisandari tun farkon annobar, daga bakin ƙofa nake gaishe ta in juya, gudun kada in kai mata cutar.

Ta miƙo mini kwalbar. Ta cikin takunkumi na shaƙa, har hawaye ya jiƙa shi.

Abokan aikina, ku wa ya tambaye ku a lokacin?