Maɓallan Tela

A shekarun da nake ƙaramin ma'aikaci a Gusau, ranar Asabar bayan La'asar mukan taru a bayan shagon wani tela a Sabon Gari mu buga karta. Telan ne ya koyo wasan, wanda ake kira poka, a wayarsa, ya koya mana. Tun farko ya kafa sharaɗi cewa ko sisi ba za a sa ba, don shi ba zai mayar da shagonsa gidan caca ba. Sai ya ɗauko gwangwanin da yake tara tsofaffin maɓallai ya raba mana daidai wa daida. Wanda maɓallansa suka ƙare ya tashi daga tabarma, wanda ya fara tashi kuma shi ke dafa shayi. A haka ake tafiya har a bar mutum ɗaya.

Akwai abin da muke kira harajin tabarma. A kowane zagaye mutum biyu za su zuba maɓallai a tsakiya tun kafin su ga kartarsu, kuma duk lokacin da wani ya tashi sai harajin ya ƙaru. Saboda haka ba ka da damar naɗe hannu ka zauna har abada kana jiran karta mai kyau.

Cikinmu akwai wani dattijo, tsohon malamin dabbobi da ya yi ritaya, wanda yake zuwa daga Bungudu a kan babur. Baba muke ce masa. Ba ya yawan magana, kuma da wuya ka ga shi ne mai dafa shayi.

Wata Asabar sa'a ta zo mini da wuri. Na fitar da mutum biyu a jere, maɓallansu suka dawo gabana har sai da na aro murfin kwano na zuba. Muka rage mu uku: ni, da tela mai matsakaicin tuli, da Baba wanda abin da ke gabansa bai cika tafin hannu ba. Tun da na ga tulina sai na fara lallaɓa shi. Duk kartar da ba ta cika mini ido ba sai in kife ta, in fita daga wannan zagayen. A raina na ce bari su biyun su cinye juna, in ya so in gama da wanda ya rage.

Baba bai jira ba. Da kartar ta zo masa da ɗan dama-dama sai ya tura duk abin da yake da shi tsakiya. Ni da bin sa, wato zuba daidai abin da ya zuba, ba zai rage ni da komai ba, na kife. Tela ya daɗe yana kallon tulinsa, shi ma ya kife, Baba ya kwashe harajin. Ya sake yin haka, muka sake barinsa. Da tela ya gaji ya bi shi, sai aka buɗe karta Baba ya ci, tela ya koma ɗan kaɗan, bai jima ba ya tashi. Lokacin da na farga, haraji ya ci rabin tulina ba tare da na buga wani abin kirki ba, Baba kuma ya fi ni. Daga nan salonsa ya canza. Ya daina tura komai gaba ɗaya, ya koma ƙara kaɗan-kaɗan a kowane zagaye, yana tilasta mini ko dai in sa dukan nawa ko in bar masa. Kafin a kira Magariba na tashi.

Na raka shi wurin baburinsa raina ba daɗi. Na tambaye shi ko duk kartocin da ya riƙa tura maɓallansa a kansu masu kyau ne. Ya ce wasu, ba duka ba. Yana ɗaura hularsa ta sanyi ya ce, "Kai kana kallon karta, ni ina kallon abin da ke gaban kowa. Mai ɗan kaɗan, mi zai jira? In ya jira haraji ya cinye shi a zaune. Mai tuli shi ya kamata ya matsa wa mutane, kuma ba ni za ka matsa wa ba, tela za ka matsa wa. Na tsakiya shi ne matsoraci, don yana da abin da zai rasa kuma bai isa ya jure rasawa ba."

Na ce to ai ni ma ina da abin da zan rasa. Ya ce in da na bi shi tun turawar farko na faɗi, da har yanzu ni ne babba a tabarma, shi kuwa in ya faɗi sai gida.

Sai da na yi watanni kafin abin ya zauna mini. Na koyi cewa karta ɗaya tana iya zama ta kifewa yau, gobe ta zama ta tura komai, gwargwadon abin da ke gabanka da na maƙwabcinka. Na ci gasar sau ɗaya, ranar da Baba bai zo ba, abin da tela bai daina tuna mini ba.

Daga baya tela ya koma Tsafe kusa da mahaifiyarsa da ta tsufa. Mun bi shi can sau biyu a motar haya, muka buga a zauren gidansu, amma tafiyar ta yi wa Baba nisa, hanya kuma ta fara ba mutane tsoro. Taron ya watse ba tare da wani ya ce an daina ba. Bara na haɗu da Baba a kasuwar Gusau yana sayen dusa. Ya ce ya sayar da babur, yanzu tumaki yake kiwo, ya kuma nemi in gaishe masa da tela idan mun yi waya.