Teburin Yaya Bawa

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Bawa, gyartan Kebbe. Har yau in ƙwarya ta tsage a gidanmu, sai wani ya ambaci sunansa kafin ya tuna ba ya nan.

Shekarar da aka sami 'yancin kai aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a unguwarmu, muka shiga tare da shi. Malaminmu, Malam Isa, daga Tambuwal aka turo shi. Ba shi da tebur, a kan gwiwarsa yake duba rubutunmu. Wannan abu ya dami Yaya. Ya samo wani tsohon tebur mai ƙafa uku, ya yi masa ta huɗu. Sannan ya shiga tsintar fasassun kwalabe a kasuwa, kore da fari, irin launin sabuwar tuta. Yakan zauna yana sassare su ƙanana, yana dasa su ɗaya-ɗaya cikin ɗanyen simintin da ya shafe saman teburin da shi, yatsunsa duk a naɗe da tsumma saboda yanka.

Ranar da muka kai teburin aji, rana ta bugi gilashin, har mata suna leƙe ta saman darni. Malam ya yi godiya, ya shimfiɗa takarda, ya ɗora fensir. Fensirin ya faɗa tsakanin gilasai biyu, takarda ta huje. Ya matsa gefe, ta sake hujewa. Yaya bai taɓa rubutu a kan tebur ba, don haka bai san dole samansa ya zama sumul ba.

Taubashinmu Tanko ya ce, "Bawa, wanga tebur naka mayunwaci na! Ga shi ya canye takardar Malam!"

Aji ya fashe da dariya. Ni ma na yi, kuma har yau tana damuna.

Yaya ya ɗora teburinsa a ka ya tafi. Da ya kwana uku bai zo aji ba, na bi shi gida. Na tarar yana goge gilashin da dutsen wasa wuƙa, da ruwa da yashi.

Na ce, "Yaya, Malam ya ce ka dawo, jarrabawa ta matso."

Bai ɗago kai ba ya ce, "Tafi abinka, ƙanena. Ban komawa sai fensir ya bi bisa nai bai yi tuntuɓe ba."

Rani guda ya yi yana gugar nan. Kafin ya gama an raba mana takardun shaida, an mai da Malam Isa wani gari, aji ya watse. Yaya ya koma ɗinkin ƙorai, kuma har ya bar duniya dangwale yake yi da babban yatsa.

Yanzu kasuwar Tambuwal cike take da tebura masu fomika, sumul tun daga kanti. Nakan tsaya in yi tunanin abin da zai ce. Ina jin zai shafa ɗaya, ya yaba, sannan ya tambaya wa zai gyara shi in ya ɓantare. Da na sake shiga ajin manya bara don in gyara hannuna, na ga dattawa suna ɓoye littafi in an yi musu dariya. Ba na taya dariyar. Nakan matsa kusa da mutum in zauna.

An sha ce mini taurin kai ne ya hana Yaya karatu. Wataƙila haka ne. Amma a kan teburinsa na rubuta wannan takarda da kuke karantawa, tun daga farkonta har nan, kuma ba ta huje ko sau ɗaya ba. Allah ya jiƙan Bawa, ya sa ya huta.