Fuskar Tineke da Awon Wiebe

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, ina cikin shan kofin safe Tineke ta kira ni ta ce mijinta, Wiebe Postma, ya rasu a garin Leeuwarden bayan gajeriyar jinya. Mai rai ya karɓi abinsa. Na ajiye wayar. Wiebe, a nan ma ka riga ni.

Tun muna samari muke ƙungiya ɗaya ta masu tsofaffin kwamfutocin gida, irin waɗanda ake jona wa talabijin. Tun lokacin kuma nake kishinka, ban taɓa ɓoye maka ba. Ni na fara koya wa Tineke kunna na'urar, kai ta aura. In na yi bayani a taro sai a hau hamma, kai kuwa kana buɗe baki sai a matso da kujeru. Ko alherinka haushi yake ba ni. Ranar da na'urata ta ƙone, ka tuƙo keke cikin ruwan sama ka kawo mini kayan gyara daga cikin taka, ka ƙi karɓar ko godiya, ka cinye mini biskit ka tafi. Duk mai matacciyar na'ura a garin nan ya san ƙofar gidanka. Tawa kuwa ba mai ƙwanƙwasawa.

Rigimarmu a kan ɗigo ce. Hoton na'urarmu da ƙananan ɗigogi ake gina shi, kuma faɗin kowane ɗigo bai kai tsayinsa ba. In aka ɗora hoton a allon zamani ba tare da gyara ba, sai da'ira ta baje ta koma ƙwai. Da nawa faɗin ya gaza tsayin? Nan muka rabu. Kai ka zana da'ira a talabijin ɗinka ka auna ta da rula a jikin gilashi. Ni na lissafa daga siginar da na'urar take fitarwa. Awonka ya fi nawa tsukewa, kuma ƙungiya naka ta bi, don kai ne Wiebe. In na ɗaga hannu sai ka ce, "To, ga Evert da wa'azinsa! Zauna, mutumina, kofinka na hucewa." A yi dariya, in haɗiye.

Bayan rasuwarka Tineke ta kawo mini hoton fuskarta da ka zana ɗigo-ɗigo a na'urarka kafin aurenku. Tana so a haska shi a allon zamani a ɗakin jana'iza, ga shi talabijin ɗinka ta daɗe da mutuwa. Wallahi, Allah ya yafe mini, raina ya yi fari. Ga rana ta zo da awona zai tsaya a gaban ƙungiya kaf, ba kuma mai ce mini in zauna.

Kafin in fara, na je gidanka na buɗe bayan tsohuwar talabijin ɗin. Sukurun, wato 'yar ƙusar da ke daidaita faɗin hoto, a murɗe yake, fentin da aka like shi da shi ya tsage tun tuni. Ashe shekara da shekaru akwatinka matse hoto yake yi, kana aunawa kana kafa hujja. Ni ke da gaskiya, Wiebe! Na faɗe ta da ƙarfi a ɗakin aikinka, ba kowa a ciki sai ni.

Na gyara hoton da awona na kira Tineke. Ta gyara tabarau ta duba, ta ce, "Haba Evert, wace ce wannan mai kumatu? Ni ko ina da cikin Hiske ban yi faɗi haka ba." Na fara yi mata bayanin sigina, ta ce, "Don Allah bar ni da lissafinka. Yi yadda shi yake yi." Na sa awonka. Sai ga ta nan sak, yarinyar da na sani, da siririyar haɓarta da ɗan karkacen murmushinta. Ta dafa kafaɗata ta fashe da kuka.

A kan gurguwar talabijin ɗinka ka zana ta, kana kallonta kana gyarawa har fuskar ta fito yadda idonka yake ganinta. Awona ya dace da kowace na'ura irin tamu, amma wannan hoto ɗaya naka kaɗai yake karɓa. Haka aka haska shi ranar jana'iza. Ana raba kofi da yankan kek, 'yan ƙungiya na ta cewa, "Kai, awon Wiebe dai babu kamarsa." Zancen sukurun nan yana cikin raina, amma ban faɗa wa kowa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Tineke, da 'yarku Hiske, da jikoki, da 'yan ƙungiya. Allah ya ba su haƙuri da dangana. Allah ya jiƙanka, Wiebe, ya yafe maka kurakuranka, ya saka maka da alherin da ka yi wa mutane, har da ni da ban iya gode maka ba. Ni kuma a sa ni a addu'a, don an binne ka, amma har yanzu kishinka nake yi.