Abin da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Foldar Taki

Baƙin allon ne ya fara ɗaukar idona. Tun da na kama aikin buga takardu a ofishin ƙungiyar manoma a Kiru, ban taɓa ganin fuskar kwamfutarmu ta yi baƙi ƙirin haka ba, ga fararen rubutu suna ta gangarowa. Taubashina ne zaune a kujerata, ɗan goggona ta Tudun Wada, wanda ya gama karatun kwamfuta ya dawo yana jin babu kamarsa. Shugaban ƙungiya ne ya kirawo shi, don takardunmu sun hargitse, in ana neman sunayen waɗanda suka karɓi iri sai a yini ana buɗe folda ana rufewa.

"Tashi min daga kujera, ƙazami," na ce.

"Baiwata, matso ki ga aikin masu ilimi."

Ya nuna min 'yan layukan umarni da ya rubuta, ya ce sunansu kod. Wai in ya sake su, za su shiga folda su rubuta sunanta, su leƙa duk wadda ke cikinta, su rubuta ta a ƙasa, an ɗan tura ta ciki, da siririn layi yana haɗa ta da uwarta. Haka har ƙarshe. Tushe a sama, rassa suna sauka, kamar bishiya a kife. Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi min kyau. Ni da na tashi da karatun littattafan soyayya na kasuwa, har na fara hango masoya biyu a inuwarta. Ban ankara ba sam.

Innata tana ɓoye 'yan kunnenta na zinare a ƙaramar langa, ta sa ta cikin babba, ta sa babbar cikin kwalla, ta ɗora can saman jere. Haka na yi da sirrina. A cikin foldar Taki na buɗe Bara, a cikinta Tsofaffin Takardu, a cikinta Kwafi. Can ƙasa na ajiye rubutuna, na tabbata babu mai haƙurin da zai kai wurin.

Akwai wani malamin gona da ke zuwa daga Bebeji duk Talata a kan jan babur. Dogo, marar hayaniya. Bai taɓa ce min komai ba ban da gaisuwa. Sauran ni na ƙarasa masa a kwamfuta, shekara guda cur.

Ranar kuwa Talata ce. Taubashina ya buga bishiyar a takarda huɗu, ya shimfiɗa a tebur. Shugaba ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, a karanta masa. Malamin gona yana zaune a benci yana jiran sa hannu.

Taubashina ya karanta Iri, ya karanta Maganin Feshi, ya shiga Taki. Da ya ce "Kwafi" sai ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni. Na girgiza masa kai, na haɗa hannuwana a ƙirji. Ya gani, wallahi ya gani. Sai ya gyara murya.

"A ƙarƙashin Kwafi akwai Malamin Gona. A ƙarƙashinsa rassa uku. Ranar da Ya Ce Min Sannu da Aiki. Wasiƙun da Ban Ba Shi Ba. Sunayen 'Ya'yanmu."

Shugaba ya cire tabarau. "Wannan kuma wane irin taki ne?"

"Ranka ya daɗe, sai dai a tambayi sakatariya," in ji taubashina, yana nuna ni.

Malamin gona ya ƙura wa takalminsa ido, can ya ce bari ya duba babur. Bai dawo karɓar takardarsa ba.

Na tare taubashina a bakin ƙofa. "Allah ya isa tsakanina da kai."

"Haba baiwata, ko fayil ɗaya ban buɗe ba, sunaye kawai na karanta. Wa ya ce miki folda langar Inna ce?"

Kafin la'asar maganar ta kai tasha. 'Yan achaɓa suka riƙa tambayata lafiyar yara. Malamin gona ya koma aiko da rahotonsa ta hannun direba, daga baya na ji ya nemi a mayar da shi Dangora. Na goge rubutun duka, ko shafi ban rage ba.

Da na kai ƙara gida, Inna ta ce ba a fushi da taubashi, wasa ne, in na riƙe shi ni za a zaga. Don haka duk biki, duk suna, in ya ɗauko labarin sai in buɗe haƙora tare da kowa.

Yanzu taubashin nawa yana Doguwa. Ya bar kwamfuta tuntuni, dankalin turawa yake sara yana kaiwa Kano, ya yi tumbi, gashin gaba ya zube. A sunan ƙanwata na bana ya sake bayar da labarin, har da kwaikwayon muryar Shugaba. Matarsa ba ta yi dariya ba. Ni aka sa rabon abinci ranar. Na cika masa kwano da shinkafa, ban sa masa nama ba.