Faifai na Biyu

Har yau ban manta da ranar da na haska majigi a wani ƙauye kudu da Batagarawa ba. Lokacin kuɗin fetur sun shigo, ko'ina sai yankan hanya ake. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a sashen majigi na Katsina. Aikina in kafa farin ƙyalle, in ɗora faifan hoto, in riƙe lasifika ina mayar da bayanin Turanci zuwa Hausa. Abin da na faɗa, shi mutane suka ji.

Sabuwar hanya za ta bi ta kan ƙauyen har da maƙabartarsa, mutanen kuwa sun ƙi tashi. Sai shugabanmu ya ba ni faifai biyu na hoton wani tsibiri can tsakiyar teku, inda dutse ya yi aman wuta aka kwashe mazaunansa a jirgin ruwa.

Ya ce, "Malam Sani, faifan farko kaɗai za ka sa. Su ga ko a wasu ƙasashe ana tashi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na biyun fa?"

Ya ce, "Ba shi da amfani."

Bayan magariba na haska. Suka ga narkakken dutse yana gangarowa ja wur, toka ta rufe rufin gidaje, tsuntsayen teku sun watse. Da faifan ya ƙare, sai Malam Ilu, dattijon da iyayensa da matarsa ke kwance a maƙabartar, ya miƙe a kan sandarsa.

"Ɗana, waɗanga mutane da suka tahi, sun komo?"

Na riga na ga faifai na biyu a ofis, na san amsar. Ina da iyali, in na faɗa kuwa aikina na iya tafiya. Amma ido da ido da sa'an mahaifina, ƙarya ta ƙi fita. Na ce, "Sun komo, Baba." Na ɗora faifan.

Suka ga dutsen ya lafa, ciyawa ta tsiro cikin baƙar toka, tsuntsaye sun dawo suna yin sheƙa a inda suka saba. Daga baya mutanen suka sauko daga jirgi, wata tsohuwa tana share toka daga kan wani kabari da hannunta.

Malam Ilu ya daɗe yana kallon ƙyallen. Ya ce, "Su wuta ta kore su, wuta kuwa tana hucewa. Kwalta hwa?"

Na kashe majigin, na naɗe ƙyallen.

Cikin makon aka karɓe lasifika daga hannuna, aka mayar da ni ɗakin ajiya. Ƙauyen kuma ya tashi, ba a fasa ba, kwalta ta bi ta kan maƙabartar. Ku da kuke riƙe da lasifika yanzu, ku sani amanar kunnen mutane ce aka ba ku. Ni dai duk lokacin da na bi hanyar nan nakan rage gudu daidai wurin, in yi wa na kwance sallama.