Fitilu Biyu a Hanyar Kelle

Shekarun baya can, zamanin da Nasara ke riƙe da ƙasar nan, ina saurayi ina gyaran fitilu da butoci a kasuwar Gure. Babur ɗaya ne a hannun baƙar fata duk garin, na abokina, ɗan wani attajiri Badamagare mai shago kusa da rumfata. Tsohon abu ne da ya saya wurin wani Bature mai komawa gida. In ya tayar da shi, awaki har tsinke igiya suke yi.

Wata rana da kaka, dab da magariba, mahaifiyata ta je gindin rumbu ɗebo wa tumakinta harawa, kububuwa ta sare ta a ƙafa. Kafin a idar da salla ƙafar ta kumbura har gwiwa, dasashinta ya fara jini. Na ruga bariki, aka ce lokotoro, wato likita, ya tafi Damagaram. Mutum ɗaya ya rage da kowa ya yarda da hannunsa kan saran maciji, wani tsohon Bafillace a wani ƙauye kan hanyar Kelle, tafiyar rabin yini a ƙasa. Na san shi sarai. Mu Mangawa Barebari ne, tsakaninmu da Fulani kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni. Duk ranar kasuwa sai ya kawo mini ɓulalliyar butarsa, ya kira ni bawansa, ni ma in rama, mutane na dariya.

Abokina bai ja zance ba, ya turo babur. Amma ya ce, "Fitilar nan tawa fa ba ta da kirki, da ta sha girgiza sai ta mutu. Ga shi babu farin wata, ruwan bana kuma ya cinye hanya. In muka faɗa kwazazzabo, wa zai kawo wa Iya magani?"

A rumfata akwai fitilu biyu da wani akawu ya ba ni gyara, irin waɗanda ake zuba wa farin dutsen nan karbur, a ɗiga masa ruwa ya ba da wuta fara fat. Na samo sandar gora, na gitta ta a kan babur na ɗaure tam da waya, na rataya fitila a wannan baki, fitila a wancan, don haske ya kama gefen hanya duka biyu. Ko cikin wannan tashin hankali sai da na ɗan ji kaina, ina ganin duk Gure babu mai dabarata.

Na leƙa ɗaki kafin mu tashi. Mahaifiyata mace ce da in tana faɗa a gida ana jiyo ta daga bakin rijiya. Ranar sai da na kai kunnena bakinta sannan na ji ta ce, "Kada ka daɗe."

Fitilun sun yi aikinsu, ba zan ci haƙƙinsu ba. Su suka nuna mana inda ruwa ya yanke hanya, su suka nuna mana wani raƙumi kwance a tsakiya yana tuƙa. Ta babur ɗin da ke tsakiya kuwa tun kafin mu yi nisa ta mutu, kamar yadda mai ita ya faɗa.

Muka shiga ƙauyen bayan isha'i, muka tarar da shi wayam. Tukunya na tafasa a kan murhu, ga akushi an fara cin tuwo an bari, ga tazbaha yashe kan buzu. Na yi sallama, na sake yi, jaki kawai ya amsa. Abokina ya taka gaba kaɗan, ya waiwayo ya dubi babur, sai ya dafe kai.

"Zo ka ga abin da suka gani," in ji shi.

Na je na tsaya inda yake. Idanu biyu nesa da juna, ga rugugin inji. Duk wanda ya hango mu, kamiyon kumandan ya hango, babbar motar nan da ke zuwa da dare kwasar maza aikin hanya. Waɗanda aka ɗiba bara ma ba duka suka dawo ba. Gari kaf ya shige cikin gero.

Muka kashe inji, muka kashe fitilu. Na tsaya bakin gona ina ɗaga murya, "Jama'a, ba gardawan bariki masu kamu ba ne, daga Gure muke. Maciji ya sari mahaifiyata. Don Allah ku fito." Shiru. Ban ga laifinsu ba, masu kamun ma da Hausa suke kira, kuma sun sha yi musu irin wannan daɗin baki. Na yi rantsuwa, na haɗa su da Allah da Annabi, ko kara bai motsa ba. Tsoro ya kama ni sosai. Mai maganin yana nan kusa, ƙila ma yana kallona, ita kuma tana can jini na zuba.

Na nufi ƙofar bukkarsa kamar zautacce, ƙafata ta yi tuntuɓe da wani abu. Na shafa, sai na ji butarsa, ga dalmar da na liƙa mata da hannuna. Ban san lokacin da bakina ya ɓalle ba.

"Kai Bafillace, bawan gidanmu! Ashe haka kake? Ka ji kukan ƙarfe ka yar da sanda, ka bar butarka a ƙasa? Wallahi ranar kasuwa sai na ɗaga ta kowa ya gani. Fito, matsoraci, ubangidanka ya zo."

Ina faɗa hawaye na zuba, abokina na jan rigata yana tsammanin na haukace. Can sai gero ya yi motsi, wata murya ta ce, "Wane Babarbare ne marar kunya ke ɗaga murya a ƙofar ubangijinsa da dare?"

Ya fito yana kakkaɓe hula. "Ni gudu? Gero na je dubawa." Abokina ya ƙyasta ashana, tsohon ya dubi fuskata, wasa ya ƙare nan take.

"Wa?"

"Iya. Kububuwa ce, Baffa."

"Tun yaushe?"

"Tun magariba."

Ya shiga ya ɗauko burgaminsa na magani.

Babur ba ya ɗaukar mutum uku cikin rairayi. Na kunna musu fitilun, suka tafi suka bar ni. Mutane suka riƙa fitowa ɗai-ɗai. Wata tsohuwa ta wanke ni tas, ƙafar jikanta duk ƙarangiya, ta gama ta miƙo mini fura. Na kasa sha. Na kama hanya a ƙasa cikin duhu.

Da hantsi na shigo Gure, ina tafe ina kasa kunne ko zan ji koke-koke. Na hango maza zaune a ƙofar gidanmu. Ban iya tambayar kowa ba, na wuce zaure na tsaya riƙe da bango. Sai na jiyo wata murya daga ɗaki, a shaƙe, amma tata ce.

"Ku fitar mini da bawan nan, warin man shanunsa zai ƙarasa ni."

"Shanye dai, baiwata," in ji tsohon. Ya ɗaga asabari ya fito, ya gan ni. "Bakinta ya dawo. Sauran na Allah ne, amma ba yau ba."

Nan na zube ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro.

Ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, tana ɗingishi tana faɗanta. Abokina bai cire sandar ba, sai dai ya matso da fitilun kusa da juna, kuma tun daga nesa yake kashe inji ya tura babur cikin ƙauye da sallama. Ni kuwa har yau in na ga fitilun mota sun doso gari da dare, tukunyar nan nake tunawa, tana tafasa ba kowa a gindinta. Ina ta lissafin abin da za mu gani a hanya, ban tuna akwai masu kallonmu ba.

Butar dai ban taɓa ɗaga ta a kasuwa ba. Shi ma har ya koma ga Allah bai gaya wa kowa ya ga hawayena ba.